Sai an Yanka Maka Kati: Nazarin Yadda Kamfanin Nakaya ke Ƙera Alƙalami

Duk wanda ya nemi kamfanin Nakaya da ke birnin Tokiyo ya ƙera masa alƙalami mai shan tawada, ba launi kawai zai nuna ya biya kuɗi ya koma gefe ba. Akwai takardar tambayoyi da za a ba shi ya cike. Da dama kake rubutu ko bahago ne kai? Kana danna alƙalami a kan takarda, ko shafa ta kawai kake yi? Rubutunka manya ne ko ƙanana, da sauri ko a tsanake? A tsaye kake riƙe alƙalamin ko a kishingiɗe, kusa da bakinsa ko can sama? Kana son tawada ta zubo a wadace, ko kaɗan-kaɗan yadda za ta bushe nan da nan? Sunan wannan takarda a wajensu karute, kalmar da Japanawa suka aro daga Jamusanci, asalinta kuwa katin da likita ke rubuta bayanin majinyaci ne. Wato dai kafin a duba ka sai an yanka maka kati, kamar a asibiti.

Wannan katin ne ya ja hankalina zuwa ga lamarin Nakaya. Masu sayar da alƙalami mai tsada suna da yawa a duniya, wasu har lu'ulu'u suke liƙa masa. Amma da wuya ka sami wanda ya kafa kasuwarsa a kan tambayar mai saye yadda hannunsa yake, kuma ya kafa ta da tsofaffin ma'aikatan da aka riga aka sallama, a daidai lokacin da kowa ya ɗauka sana'ar ta gama yayi.

Inda aka fito

Manyan gidajen alƙalami uku ne a Japan, kuma dukansu sa'o'in juna ne. Sailor ya fara a 1911 a garin Kure, kusa da Hiroshima. Pilot, wanda da farko ake kira Namiki, ya biyo baya a 1918. Platinum kuma Shunichi Nakata ne ya assasa shi a 1919, kuma kafin gidan ya ɗauki sunan Platinum, Nakaya ake kiransa. Japanawa suna ce wa irin wannan alƙalami mannenhitsu, wato buroshin rubutu na shekara dubu goma, kuma an daɗe shi ne kyautar da iyaye ke ba yaro in ya shiga babbar makaranta ko ya kama aiki.

Sai biro ya shigo. Sunan ma na mutum ne, László Bíró, ɗan jarida daga ƙasar Hungary wanda ya yi wa ƙirarsa rajista a 1938, sannan a 1950 kamfanin Bic na Faransa ya fito da nasa mai arha wanda har yau muke saye a kanti. Biro ba ya neman kwalbar tawada, ba ya ɗiga a aljihun riga, ka danna shi a kan takardar kabon ya fitar maka da kofe uku, in ya ɓace kuma ko a jikinka. Manyan gidajen nan suka bi kasuwa inda ta nufa: biro, maka, fensir, da alƙalamin roba da inji ke zubawa a mazubi ya fitar da dubbai a wuni guda.

Waɗanda abin ya faɗa wa su ne mutanen da suka shiga masana'anta suna samari, suka koyi sassaƙa gangar alƙalami da hannu, suka koyi gyaran baki da ido da ɗan yatsa. Aikin ya riƙa janye jiki daga hannunsu a hankali. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 tattalin arzikin Japan yana cikin doguwar matsi, kuma yawancin kamfanonin ƙasar suna sallamar ma'aikaci da zarar ya cika shekara 60. Mutum ya yi shekara arba'in a kan aiki ɗaya, idonsa garau, hannunsa bai fara rawa ba, a yi masa walima a ce ya je gida ya huta. Duk wanda ya fita ta ƙofar nan ya fita da ilimin da ba a rubuta shi a littafin kamfani ba, don ba irin wanda ake rubutawa ba ne.

Shawarar jikan mai gida

Toshiya Nakata jikan Shunichi ne, kuma aikin banki ya fara yi kafin ya dawo sana'ar gidansu. A 1999 ya buɗe wani ɗan ƙaramin kamfani na daban, ya tono tsohon sunan da kakansa ya fara da shi ya raɗa masa. Ya kira wasu daga cikin gwanayen Platinum da suka yi ritaya, da mai sassaƙa, da mai gyaran baki, da mai aikin ƙarfe, ya ce su dawo su yi abin da suka iya, amma ga mutum ɗaya-ɗaya. Taken da kamfanin ke amfani da shi har yau ma'anarsa ita ce, don hannunka kai kaɗai.

A ganina nan hikimar take. Da ya ga dama sai ya ɗauki tsofaffin nan a bidiyo suna aiki, a ajiye a ɗakin tarihi, a ba su lambar yabo, kowa ya tafa. Shi kuwa masu saye ya nemo musu. Ya kuma gane cewa irin wannan aiki ba zai zauna lafiya a cikin babbar masana'anta ba, inda ake lissafin guda nawa aka fitar a awa ɗaya, kuma duk wanda ya tsaya minti talatin a kan baki guda ya zama mai kawo cikas. Shi ya sa ya ware shi, ya ba shi nasa sunan da nasa lissafin. Amma bai yanke cibiya da uwar gidan ba: bakin zinariya da bututun tawada duk irin na Platinum ne, saboda haka ƙaramin kamfanin bai ɗauki nauyin sayen manyan injinan buga ƙarfe ba.

Sai kuma intanet, wadda a 1999 yawancin masu aikin hannu ba su ma waiwaye ta ba. Mutanen da za su iya jiran watanni, su biya ɗaruruwan daloli a kan alƙalami ɗaya, ba su taka kara sun karya ba a kowane gari. Amma in ka tattaro na Tokiyo da na Landan da na Singafo da na Los Anjalis a shafi guda, sun isa su riƙe 'yan mutane kaɗan da aiki shekara da shekaru. Kuma tunda sai an yi oda ake gama ƙira, babu tarin kayan da suka yi kwantai a kan kanta suna cin jari.

Baƙar roba

Gangar yawancin alƙaluman Nakaya da ebonait ake yin ta. Roba ce ta bishiya da ake haɗa ta da farar wuta mai yawa, kusan kashi 30 cikin ɗari, a dafa ta tsawon lokaci har ta yi tauri. Nelson Goodyear ne ya yi mata rajista a Amurka a 1851, kuma an samo sunanta daga baƙin katakon ebony, ɗan'uwan kanyar da muka sani. Ba ta da nauyi, tawada ba ta cin ta, kuma ba ta da sanyin ƙarfe a hannu, nan da nan take ɗaukar ɗumin jikin mai riƙe da ita. Roba ta zamani ta kore ta daga kasuwa har ta kai ga a duk Japan masana'anta ɗaya ta rage mai yin ta, Nikko Ebonite da ke unguwar Arakawa a Tokiyo.

Sanda-sanda take zuwa. A tsohuwar hanyar Japan, mai sassaƙa yana ɗaura guntun sandar a wani injin juyi da suke kira rokuro, ya riƙe wuƙar da hannunsa, ya jingina ta a kan madogari, sandar tana juyawa yana fiƙe ta, baƙin sassaƙe yana zubowa kamar zare, ɗakin ya cika da warin farar wuta. Ya huda ciki, ya fitar da siffar waje, sannan ya yanka tiredin da murfi zai murɗu a kansa. A tiredin nan ake gane gwani. In ya yi sako-sako iska ta shiga tawada ta bushe a baki, in ya matse kuma fentin da za a shafa daga baya ya ƙara masa kauri murfin ya ƙi shiga. Dole mai sassaƙa ya bar wa mai fenti gurbin da ido ba ya gani, alhali mai fentin yana wani gari.

Siffofin ba su da hayaniya. Akwai wanda suke kira Cigar, sumul ba maƙalar aljihu, akwai Writer mai maƙala, akwai ɗan gajere Piccolo, akwai Decapod mai fuska goma.

Ruwan bishiyar da sai da laima yake bushewa

Ebonait tana da aibi guda: hasken rana da gumi suna kashe mata baƙinta, ta koma ruwan ƙasa, wani lokaci har da ɗan kore-kore. Tun wajen 1925 kamfanin Namiki ya gano maganin abin, wato a rufe ta da urushi, fentin gargajiyar Japan, kuma wannan ne ya kai shi ga ƙulla yarjejeniya da gidan Dunhill na Landan a 1930, aka riƙa sayar da alƙaluman Japan masu zanen zinariya a Turai. Nakaya bai ƙirƙiro komai a nan ba, tsohuwar hanya ya koma wa. Sai dai a nan ne mafi yawan lokaci da kuɗin alƙalamin suke tafiya.

Urushi ruwan wata bishiya ne. Sai ta shekara 10 zuwa 15 kafin a fara tsaga ta. Daga watan Yuni zuwa wajen Oktoba mai tatsa yana zagayawa, ya yi mata 'yar tsaga a ɓawo, ya kwashi ɗan abin da ya tsattsafo da ƙaramin cokali, ya bar ta ta huta kwanaki kaɗan ya dawo ya yi wata tsagar a sama da ta farko. A ƙarshen kakar abin da bishiya guda ta bayar bai wuce giram 200 ba, wato bai cika kofin shayi ba, sannan a sare ta a jira tohon da zai fito daga kututturen. Mafi yawan wanda ake tatsa a cikin Japan daga Joboji yake fitowa, a lardin Iwate, amma fiye da kashi 90 cikin ɗari na wanda ƙasar ke amfani da shi daga waje ake shigo da shi, galibi daga Sin. Tun 2015 kuma hukumar kula da al'adu ta ƙasar ta ba da umarnin a riƙa gyaran tsofaffin gine-ginen tarihi da na gida, abin da ya ƙara wa ɗan wanda ake samu masu nema.

Ɗanyensa yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje masu tsanani, kuma kusan duk ɗan koyo sai ya sha wannan wahala kafin jikinsa ya saba. Abin da ya fi ba ni mamaki a game da shi kuwa shi ne yadda yake bushewa. Fentin da muka sani iska da rana yake so. Urushi laima yake so. Akwai wani sinadari a cikinsa da ba ya aiki sai da danshi, shi ne ke sa ruwan ya daskare ya yi tauri, saboda haka bayan kowace shafa sai a sa kayan a wani kabad na katako da aka jiƙa cikinsa, danshi ya kai kashi 70 zuwa 85 cikin ɗari, da ɗan ɗumi. Da za ka shafa shi a Kano cikin hunturu ka ajiye a sarari, sai ya yi ta zama da danƙonsa. In danshin ya yi yawa kuma, sama ta riga ciki bushewa, fuskar ta yamutse, aikin kwanaki ya lalace.

Garin da ya fi shahara da wannan sana'a shi ne Wajima, a arewacin yankin Noto da ke lardin Ishikawa, bakin tekun Japan, kuma can Nakaya ke aika gangunan alƙalumansa. A 1977 gwamnatin Japan ta sa fentin Wajima cikin muhimman al'adun ƙasa da ake karewa. Akushi guda na Wajima yana bin matakai fiye da ɗari, kuma ba mutum ɗaya ke yin su ba: mai sassaƙa katako daban, mai shafar farko daban, mai gogewa daban, mai shafar ƙarshe daban, mai zane daban, kowa a nasa ɗan ɗakin aikin. Alƙalami ba ya bin duk waɗannan matakai, amma tsarin ɗaya ne. A shafa siriri, a sa a kabad, a fito da shi a goge da gawayi da ruwa, a sake shafawa. Buroshin da gashin kan mutum ake yin sa, don shi ne ba ya barin sawu. Ƙura ɗaya in ta sauka a shafar ƙarshe, sai an tsince ta da tsinin gashin tsuntsu kafin fentin ya kama.

Na taɓa riƙe guda ɗaya, na wani abokin aikina, Decapod ne da irin fentin da suke kira kuro-tamenuri. Ana fara shafa ja ne a ƙasa, sannan a rufe shi da wani mai duhu wanda haske ke ɗan ratsawa. A tsakiyar kowace fuska, inda fentin ya taru, baƙi ne wuluk. A kan kaifin da ke raba fuska da fuska, da bakin murfi, da kan tiredi, inda fentin ya zame ya yi siriri, sai jan nan ya leƙo, kamar garwashi a ƙarƙashin gawayi. Na juya shi a bakin taga na ga layi goma ja suna bin tsawonsa, babu biyu da suka yi kauri ɗaya. Mai shi ya ce mini lokacin da ya iso ya fi haka duhu, kuma haka urushi yake, yana ƙara washewa da shekaru, jan yana ƙara fitowa. Masu son ado fiye da haka akwai maki-e, inda ake zana hoto da ɗanyen urushi a barbaɗa garin zinariya ta cikin ɗan bututun gora, akwai kuma chinkin, wanda Wajima ta ƙware a kai, a sassaƙa zane a busasshen fenti a cusa zinariya a cikin sawun. Irin waɗannan su ne ke kai dubban daloli.

Baki

Duk wannan kwalliya ce in baki bai yi ba. Bakin alƙalamin zinariya ce mai karat 14, an tsaga ta gida biyu daga wani ɗan rami har zuwa tsini, kuma a tsinin an narka wani ɗan ƙwallon ƙarfe mai tauri, don zinariya tsagwaronta takarda za ta cinye ta. A ƙarƙashinsa akwai magudana mai 'yan siraran hanyoyi. Tawada tana bin hanyoyin nan ne yadda kananzir ke bin lagwani, iska kuma tana komawa ciki ta maye gurbin abin da ya fita. In iskar ba ta shiga daidai ba, ko dai alƙalamin ya ƙi rubutu ko ya yi aman tawada a takarda. Daidaita wannan musaya shi ne abin da Lewis Waterman ya yi wa rajista a Amurka a 1884, kuma har yau a kansa ake tafiya.

A nan katin yake aiki. Mai gyaran baki yana ajiye shi a gabansa, ya ɗauki madubin ƙara girma. Tsagar dole ta riƙa tsukewa tana zuwa tsini, in ba haka ba tawada ba za ta kai takarda ba. Ga mai hannu marar nauyi, sai ya ɗan sassauta haƙoran biyu yadda taɓawa kawai za ta fitar da tawada. Ga mai dannawa sai ya tsuke su, don nauyin hannunsa da kansa zai buɗa su. Mai riƙewa a tsaye da mai riƙewa a kishingiɗe ba wuri ɗaya na ƙwallon nan suke taka takarda da shi ba, saboda haka sai ya goge daidai inda na wannan mutumin zai taka. Bahago tura alƙalami yake yi a inda na dama yake jan sa, kuma gefen da ba ya damun na dama shi ne zai riƙa kartar takardar bahago. Ya goga a dutse sau biyu ko uku, ya tsoma a tawada, ya ja layi, ya saurari ƙarar, ya sake dubawa. Abin da yake cirewa bai kai ƙurar da za ka gani a yatsa ba, kuma in ya wuce gona da iri ba a mayar da shi. Bakunan Japan ma dama sun fi na Turai siriri, saboda harafi guda na rubutunsu yana iya ɗaukar layi ashirin a cikin ɗan gurbi.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan aikin, ko da bai taɓa jin sunan Nakaya ba. Malaminmu yakan zauna da reza da sillen kara, ya fiƙe, ya tsaga tsinin, ya datse bakin a karkace, ya gwada a gefen allo. Kuma ba iri ɗaya yake fiƙe wa kowa ba. Akwai wani yaro a cikinmu mai danna alƙalami har bakin ya baje, malam yakan karɓa ya dubi allonsa, bai ce komai ba, ya sake fiƙe masa wani mai kauri da gajeriyar tsaga. Datsar nan a karkace ma ba ado ba ce. Rubutun Larabci da ajami daga dama yake tafiya, kuma layin kwance ne ke son kauri, na tsaye ya yi siriri, akasin abin da faffaɗan bakin rubutun boko ke bayarwa. Masu gyaran bakin alƙalami na ƙasashen waje suna da irin wannan yanka, har wasunsu da sunan rubutun Larabci suke kiran sa. Bambancin kawai shi ne malam yana ganin hannun yaron da idonsa, kuma in ya kuskure, kara ba ya ƙarewa.

Abin da masu suka ke faɗa

A nan ne babban raunin katin yake. Mutum ba ya cika sanin hannunsa ba. Ka tambayi mutum goma ko suna danna alƙalami, tara za su ce a'a, alhali wanda ya girma da biro dannawa ta zame masa jiki, sawun rubutunsa har shafi na uku. In bayanin da ke kan kati ba daidai ba ne, gwanin zai yi aiki mai kyau a kan hannun da babu shi. Kamfanin yana rage wannan giɓi ta hanyar zuwa manyan shagunan kayan rubutu a Japan, inda mai gyara ke zama mai saye ya yi rubutu a gabansa. A ƙasashen waje kuma dillalai ne suka ɗauki nauyin, irin su John Mottishaw da ya yi dillancinsa a Los Anjalis, wanda shi kansa sanannen mai gyaran baki ne, kuma ta hannunsa Amurkawa da yawa suka san Nakaya.

Suka ta biyu ta fi zafi. Bakin Nakaya ɗan gida ɗaya ne da na alƙalamin Platinum mai lamba 3776, wanda aka fitar a 1978 aka sa masa tsayin dutsen Fuji a mita, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na Nakaya ba. Magudanar roba ce ta zamani, bututun tawadar ma bai da wani girma. Sai masu suka su ce ashe riga kawai kake saye. Akwai gaskiya a maganar, kuma wanda rubutu mai daɗi kawai yake nema, 3776 ya ishe shi har ya yi saura. Inda na rabu da su shi ne ɗaukar rigar a matsayin abin banza. Rigar nan ita ce kwanakin mai sassaƙa, da watannin mai fenti, da kakar mai tatsar bishiya, da zaman da wani ya yi da katinka a gabansa. Aikin mutane ne ake biya, kuma da ba a biya ba da yawancinsu sun bar shi.

Ta fuskar kasuwa dai shawarar ta yi kyau. Kamfanin ya haura shekara 25 yana aiki, masu oda suna jiran watanni ba su fasa ba, kuma Toshiya Nakata daga baya ya zama shugaban Platinum ɗungurungum. Sai dai wanda ya dawo aiki yana da shekara 60 a 1999 yanzu ya haura 85, kuma kowane mataki na alƙalamin nan a hannun 'yan mutane ƙalilan yake.

Ranar farko ta 2024

Da ƙarfe 4:10 na yammacin 1 ga Janairun 2024, ranar da iyalai a Japan ke taruwa a gida don sabuwar shekara, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.6 ta afka wa yankin Noto. Wajima na cikin garuruwan da suka fi jin jiki. Gobara ta tashi a unguwar tsohuwar kasuwar safe ta garin, ta cinye gine-gine fiye da 200, kuma a wannan unguwa da kewayenta akwai shaguna da ɗakunan aikin masu fenti. Hanyoyi suka tsage, ruwan famfo ya yanke na watanni. Yawancin masu sana'ar a gidajensu suke aiki, saboda haka wanda gidansa ya rushe, da kabad ɗinsa, da buroshinsa, da wuƙaƙen da ya gada, da urushin da ya tace ya ajiye, da kayan mutane da ke hannunsa rabi da rabi, duk tare suka tafi.

Rabon aikin da ya sa fentin Wajima ya fi na kowa kyau shi ne ya sa farfaɗowa ta yi wuya. Mai shafar ƙarshe yana iya tsira da ɗakinsa lafiya, amma in mai gogewa ya koma wajen 'ya'yansa a Kanazawa, babban birnin lardin, ba abin da zai iso hannunsa balle ya shafa. Da yawa daga cikinsu dattawa ne, kuma dattijon da ya bar gari yana da shekara saba'in da wani abu ba lalle ne ya dawo ya sake kafa kabad ba. An gina wa masu sana'ar ɗakunan aiki na wucin gadi, wasu suka koma bakin aiki a cikinsu. Ana cikin haka, a watan Satumba na shekarar, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Noto, koguna suka yi ambaliya, laka ta shiga gidaje da ɗakunan aikin da aka fara gyarawa, har da wasu gidajen wucin gadin da aka tsugunar da waɗanda girgizar ta raba da muhallinsu.